Amfiya Biyar

Wutar gwamnati baƙuwa ce a Bairut:
ta leƙo da asuba, awa ɗaya, ran sa'a biyu,
ba ta ko zama ta kurɓi gahawa.
Sauran yinin na Abu Tanyus ne,
mai janareton da ke tari a bayan layinmu.
Amfiya biyar ya sayar mana,
biyar cif, kamar yatsun hannu,
kuma dala yake karɓa, lira ba ta gaishe shi.

Ni Widad, a hawa na shida,
na iya lissafin da malamai ba su koya mini ba.
Biyu na Baba ne.
Ba a taɓawa, ba a rance, ba a ciniki.
Na'urar da ke tace masa iska
tana gurnani gefen gado kamar kyanwa ta ƙoshi,
siririn tiyo daga cikinta zuwa hancinsa.
Ɗaya na firji, saboda magani da ɗan madara.
Rabi na fanka, idan Agusta ta matsa.
Abin da ya rage mu yayyaga:
ƙwan fitila guda, cajin waya,
talabijin in za a yi labarai, shi ma ba kullum ba.

Injin wanki ya zama teburin ajiye albasa.
Dutsen guga kuwa ɗan sarauta ne,
ba ya cin abinci da kowa,
in ya zauna sai an ɗauke kwanon kowa.

Ran Talata Ruba za ta neman aiki a banki.
Farar rigarta ta kwana a yamutse,
mun jira wutar gwamnati har alfijir,
ba ta zo ba, ba ta aiko ba.
Ina kicin na ji ƙas.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Kyanwar gefen gado ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru,
shirun da ya fi kowace tsawa.

Matakala tamanin da huɗu, na san su da suna.
Na sauka da hasken waya a baki,
na wuce Madam Araksi tana hutawa da jarkar ruwa,
na buɗe akwatin ƙarfe mai wayoyi kamar taliya,
na lalubo makunninmu, mai ɗigon jan farce,
na ɗaga shi.
Na hawo da faɗa cike da bakina.

Na tarar da Ruba tana kuka, filogi a hannu,
Baba kuma yana dariya, dariyar da rabinta tari ne.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawan turakun lantarki,
ya haska ƙauyukan da bai san kowa ba a cikinsu.
Ya ce, "Widad, lissafinki daidai ne,
sai dai kin manta biyun nan nawa ne.
Mai abu shi ke kyauta.
Cire firji, tsai da fanka,
ki kashe ni minti bakwai."

Na ce a'a.
Ya zare tiyon da kansa.

Minti bakwai.
Na buɗe taga, na riƙe hannunsa da agogo,
ina ƙirga numfashi, Ruba na bin kwala da hannun riga,
ƙamshin auduga mai zafi ya cika ɗaki.
A na biyar leɓensa ya soma sauya launi,
a na shida ta ce, "Na gama," ba ta gama ba,
bayan rigar bai ga guga ba.

Kyanwa ta koma gurnani.
Ruba ta ɗora kwat a kai, ta sumbaci goshinsa, ta sauka.
Ya bi ƙarar takalminta har hawa na uku,
sannan ya ce, idonsa a rufe,
"Mayar da firji, kar madara ta lalace."