Hawa na Tara

Yau kwana arba'in da ɗaya lif ɗin bai motsa ba.
An manna masa takarda: a yi haƙuri.
Haƙurin ma ya gaji, ya naɗe ta gefe, gam ɗinsa ya saki.
Yaya Barira tana hawa na tara,
ita da kekenta da tagar da ke kallon Salford,
inda ruwan sama ke sauka ba neman izinin kowa.
"Shi kam," ta ce, "ya san hanyar ƙasa."

Na hawo mata da madara da burodi da kwamfuta.
Ban gama haki ba ta ce, zauna, rubuta.

An ce akwai yarjejeniya.
Ƙasashe sun taru sun sa hannu
cewa mai keke da makaho da kurma
mutane ne, har a gindin matakala.
Ƙasar nan ma ta sa. Ta ƙara da wata takarda a baya:
in mun ƙi jin ki a gida,
kai ƙararmu Geneva.

Amma sai kin gama da gida tukuna.
Sai kin ƙwanƙwasa kowace ƙofa ta ƙi buɗuwa,
kin kuma adana shaidar ƙin.
To, ta adana. Shekara shida a gwangwanin biskit:
wasiƙar ofishin gidaje, ta kotun farko,
ta kotun da ke bisa ta farko,
da ta ranar da aka zauna kan maganarta
a ɗaki mai matakala uku,
aka rubuta wai ba ta halarta ba.

Fom ya tambaya: wane sashe aka keta?
Na duba. Na tara, mai maganar shiga da fita.
Ta yi dariya har kofin shayi ya girgiza:
"Ashe sun san adireshina."

Na ce, Yaya, kwamitin nan ba shi da ɗan sanda.
Ba kurkuku, ko sifana ba shi da ita.
Za su karanta bayan shekara uku, ko huɗu,
su rubuto shawara da lafazi mai taushi,
gwamnati ta ce ta gani, ta gode.

Ta daɗe tana kallon hannuwanta,
kantar da taya ta bar mata a tafi.
"Ba makaniki nake nema a Geneva ba, Tanimu.
So nake a rubuta ni a inda fayil ba ya ɓata.
Alkawari kaya ne, su suka ɗauka,
ban ɗora musu ba.
Sa hannu zarar bunu ne.
Ran da wakilinsu ya zauna gaban duniya da taye a wuya,
ina so wani ya karanta masa sunana,
ya ce Barira, ya ja harafin yadda ya iya,
shi kuma ya nemi ruwan sha."

Na danna. Saƙon ya tafi,
ya ƙetare teku kafin shayina ya huce.

Ni kuma na sauko da ƙafa, ɗari da arba'in da huɗu,
ina rike da jakar shararta.
A hawa na biyar na tarar da Misis Okell zaune da sandarta,
tana jiran numfashinta ya iso.

Daga ƙasa na ɗaga kai.
Tagogi da yawa, ruwa na shiga mini ido.
Na ƙirga har tara, na ɗaga hannu,
ko da tana kallo.