Ƙidaya a Ƙasan Madatsa

Ɗari muka saki da hantsi,
kowanne da jan zare a ƙayar bayansa,
muka kora su bakin bututu
inda farfela ke juyi, ba ta amsa sallama.
Ni da littafi, Baba Ilu da koma,
muka gangara ƙasan madatsa.

Kaka ta yi a ƙasar Daura, fadama na janye ruwanta.
Kifin da ya haura ya zuba ƙwai
yanzu gida yake nema,
kuma ba wanda ya aika masa
cewa an dasa inji a hanya.

Karfasa ce ta fara fitowa,
ta yi jiri, ta miƙe. Na rubuta: rai.
Kawara bakwai, ɓawo a saɓule. Rauni.
Sai tarwaɗa mai kamu biyu,
kai ya riga wutsiya isowa.
Baba ya juya ta a tafinsa, ya ce,
shekara hamsin ina yanka kifi,
ban taɓa yankawa don a zubar ba.

Akwai waɗanda ba tabo a jikinsu,
ciki sama, ido waje.
Wannan ba kaifi ba ne, in ji shi,
ruwan ne ya matse su ya sake.

Can minjirya ta faɗo koma,
ta ba shi a hannu har kafaɗa.
Ya yi tsalle, ya yi ashar, ya yi dariya:
ku bar ta, abokiyar sana'ar injinku ce,
nata lantarkin ba ya cin kowa sai mai taɓawa.

La'asar: saba'in da ɗaya da rai,
goma sha takwas a bokiti,
goma sha ɗaya ruwa bai ba da bayani ba.
Injiniya Hassu ta kira, kashi nawa?
Na faɗa. Ta yi shiru, ta ce a auna raga.
Baba ya ɗaga yatsu biyu: kar ta wuce haka.

Da dare na kwafe lissafin
ƙarƙashin ƙwan da farfelar ta kunna.
Ban kashe shi ba. Ina buƙatar gani.

Ran Laraba a kasuwa,
kan farantin mai suyar kifi,
na hango jan zare ya sha mai da yaji.
Na biya, na tsaya nan na cinye.
Har yau ban san layin da zan sa shi ba.