Kujeru Takwas

Asabar, goma saura kwata,
bas ta sauke ni a Foleshill,
ruwan Coventry na yayyafi kamar mai jin kunyar zuba.
Maureen ta laburare ta miƙo makullin ƙaramin ɗaki.
Ta daina tambayata mutum nawa nake sa rai.

Na jera kujeru takwas.
Na rubuta ɓ da ɗ da ƙ a allo,
na lanƙwasa musu ƙugiya da kyau
kamar akwai mai kama ni da kuskure.

Ranar da na yi sanarwa bayan Juma'a
cewa zan koya wa yaranmu karatun Hausa,
madalla ta cika masallaci.
Alhaji Barau ya riƙe hannuna yana addu'a
har aka kashe fitilu.
Asabar ta zo.
Ashe madalla ba ta da ƙafa.

Ban ga laifin kowa ba.
Wannan ya kwana tuƙin tasi,
waccan ta kwana juya tsofaffi a gidan jinya.
Ni ma daga sito nake fitowa,
kafaɗa na tsami, ido cike da yashi.

Mako na huɗu bargo ya kusa kayar da ni,
ya kawo hujjoji, duk masu ƙarfi.
A Gumel ko ɗan dambe ba ya zare hannu
sai kalangu ya kira sunansa.
Nan wa zai kaɗa mini?
Na tsaya gaban madubin banɗaki,
ƙasa-ƙasa, kada in tashi maƙwabta:
"Tanimu na Hansai,
allura mai ginin rijiya,
uban kujeru takwas,
zuwa da kai ya fi aike, sa takalmi!"
Dariya ta kama ni.
Amma na sa takalmin.

An ce yabon kai jahilci.
Na ji.
Wanda ya faɗa yana da dangi a bayan danga,
bai yi hunturu shi kaɗai a ƙasar wasu ba.

Daga nan na sayi rajista.
Na rubuta sunana a layin farko,
duk Asabar in kira, in amsa, in sa alama.
In karanta wa kujeru labarin gizo,
su saurara, ba mai neman fita fitsari.
In an tashi in saya wa ɗalibin shayi da samosa biyu
don bai taɓa fashi ba.

Mako na goma sha ɗaya ƙofa ta motsa.
Wata mata da 'yarta, lemarsu ta karye,
fakewa kawai suka shigo yi.
Yarinyar ta dubi allo, ta tambaya da Turanci
me ya sami wannan harafi ya sunkuya.
Na ce bai sunkuya ba, gaisuwa yake yi.
Ta ce ƙasa, sau uku, har ya fito daga maƙogwaro.
Sunanta Sawwama.

Mako na gaba ba ta zo ba.
Na gaba ma haka.

Yau Asabar.
Ban san wa ke hanya ba, ko babu kowa.
Na jera bakwai suna kallon allo,
ta takwas na ja ta gefe,
na zauna, na buɗe rajista,
na kira sunan da na tabbata zai amsa.