Da Me Ake Wanke Ƙasa?

Malam Sumaila ya koya mana muna yara:
in ruwa ya yi wuya, a dafa ƙasa,
a shafi fuska, a shafi hannu, a fuskanci gabas.
Shekara arba'in ina riƙe da wannan karatu
kamar kuɗin da aka ƙulle a bakin zane.

Sai wata Talata a Aboabo
farar mota daga Ankara ta tsaya
bayan tsohon kamfanin wankin bututu,
inda 'yan gwangwan ke zube ƙarafa,
inda na ja kunya shida ta alayyafo da yakuwa.
Injiniya Serwaa ta sauko
da ɗan akwati, bai fi bulo girma ba.
A bakin titi yana ƙas... ƙas... kamar agogon da ya gaji.
Da ta iso kunyata ta uku
ya ɓarke kamar gugguru a kasko.

Na duba. Ba wari, ba hayaƙi.
Ƙasa ja wur yadda na bar ta jiya,
tururuwa na jan ƙwayar shinkafa zuwa gida.

Aka tara mu a ajin firamare,
gwiwoyinmu sun ƙi shiga ƙarƙashin benci.
Ta rubuta lamba uku da alli.
In filin zai zama tashar tirela,
a kankare kamu ɗaya, a malala siminti.
In gidaje za a gina, a haƙa tsayin mutum.
In lambu ne...
ta juyo ta dube ni, ta ƙara sifiri a kuɗin.

Lauyan kamfani ya gyara wuyan riga,
ya ce direba ba ya kwana a tasha,
awa biyu ne a rana, a lissafa da awa biyu.
Fuseini makaniki ya ce: ni fa a ƙarƙashin mota nake kwana.
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ashe tsabta ma ana tayi,
albarka, ƙara, sallama,
kamar cinikin doya a kasuwar Asawase.

Na ɗaga hannu, ban iya lambobinsu ba.
Na ce jikata Lantana wata tara gare ta,
rarrafe take, kuma duk abin da ta damƙa
baki take kai wa.
Wace lamba ce ta san da ita?
Na ce ruwan Yuni in ya sauko Kumasi
ba ya tambayar inda iyakar siminti take.

Injiniya ta ajiye allin.
Ta ce abin da ke cikin ƙasar nan
sai ya shekara dubu da ɗari shida
kafin rabinsa ya mutu.
Rabi.
Na ƙirga kakannina, a na biyar suna ya ƙare mini.

Ba a tsai da magana ba ranar.
An kafa kwamiti, an raba ruwan leda.

Yanzu akwai turaku masu jan kai,
da igiya rawaya, da allo mai hoton fanka.
Akuyar Ayishetu ba ta karatu,
kullum tana ratsawa ta ƙarƙashi.
Alayyafona ya yi tsayi, ya yi kore shar,
bai taɓa kyau irin na bana ba,
ba mai tsinka.

Jiya famfo ya ɗauke, magariba ta kawo jiki.
Na sunkuya a ƙofar gida, na miƙa tafi biyu,
sai na tsaya a haka, hannu a iska.

Malam, ka tafi da saura a karatun nan.
Mai wanke mu ta ɗauki dauɗa.
Ita kuma, da me?