Kunnen Kifi

Ranar Talata ta shigo, lemarta na ɗigar ruwa,
ofishinmu na dillalan jari, hawa na biyu, a Matosinhos.
Ƙarnin teku ya riga ta zama a kujera.
Gracinda Lobão, shekara talatin da takwas a rumfar kifi,
gishiri da ƙanƙara sun tsattsage mata yatsu.

Ta ajiye littafin banki:
Yuro dubu huɗu da ɗari shida da arba'in.
Ta ce, "Ɗana ya ce akwai asusu
da ke tara takardun bashi kamar kwando,
a ranta wa gwamnati, a ranta wa kamfani, a jira."
Na ce akwai. Na juyo mata kwamfuta,
na nuna layin da ya shekara goma yana hawa
a hankali, kamar tsoho a matakalar coci.
Sannan na faɗi abin da ba na son faɗa:
ƙofar wannan asusu dubu biyar ce, babu ragi.

Saura ɗari uku da sittin.
Ba ta roƙa ba. Ta ɗauki lema ta sauka.

Bayan mako biyar sai ga ta, kuɗi sun cika,
har da sulalla a gindin ambulan.
Na zaro fom, na cire murfin biro.
Ta dafe takardar da tafin hannu.

"Dakata, Telmo.
Kifi ba a sayensa don sheƙin baya.
Kunnensa ake ɗagawa, a ga ja ne ko ya koɗe.
Wa ke riƙe da wannan kwando?"

Na ce manajansa Amadeu Serrão.
"Tun yaushe?"
Na buɗe, na buɗe, har shafi na goma sha ɗaya,
can ƙasa, rubutu kamar ƙwan kifi:
wata goma sha huɗu.
Wadda ta ja layin shekara goman nan
ta kwashe kayanta ta koma wani kamfani a Madrid.
"To," in ji ta, "jirgin ne ya san teku. Matuƙin baƙo ne."

"Nawa yake ci?"
Ɗaya da ɗigo uku cikin ɗari, kowace shekara.
"Ni kuma?"
Asusun kan kawo wajen uku, kafin a cire nasa.
"Har shekarar da aka dawo da koma wayam?"
Har ita.
Ta yi shiru tana lissafi da leɓe.

Na ce kuma ki sani, bashin nan mai dogon wa'adi ne,
in ruwa ya tashi, farashin takardu faɗuwa yake.
Sai ta yi dariya, karon farko.
"Mu a wurinmu in ruwa ya tashi jirage ba sa fita,
farashi sama yake yi.
Naku tekun a kife yake."

A ƙarshe wani asusu ta zaɓa, marar hoto a bango,
ƙofarsa ɗari biyar, la'adarsa ƙanƙanuwa,
manajarsa shekara tara a kujera ɗaya.
Dubu biyu kawai ta zuba.
Sauran, ta ce, sai ta ga yadda zai kwana.
Mako biyar ɗin da ta yi tana tara cikon
ba ta ambace su ba, ni ma ban tayar ba.

Abin da ban gaya mata ba:
kuɗina na cikin wancan asusun shekara uku,
ban taɓa kaiwa shafi na goma sha ɗaya ba.

Ran Asabar na bi ta kasuwa.
Ta auna mini sadin rabin kilo,
ta ɗaga kunnen ɗaya ta nuna mini, jawur,
ta ƙi rage ko sisi.