Layi na Uku

Ranar Laraba suka aiko a kira ni,
ni Ɗanjimma mai fenti na bakin tashar Yelwa.
Suka ce ƙaramar hukuma na son sabon tambari,
wanda za a buga a ƙofar mota,
a goshin sakatariya,
a rasiɗin da ake yaga wa mai kasa kaya a kasuwa.
Da'ira guda, in ji su, faɗin bakin faifai,
ka zuba mana Yawuri duka a ciki.

Na yi dariya a zuci.
Garin da Kwara ta shekara dubu tana lasa ba ta cinye ba,
shi zan ɗura a bakin faifai?

Kwamiti na mutum bakwai, shayinsu ya huce.
Malam Kakale ya ce a sa zangarniyar shinkafa.
Hajiya Ige ta ce, albasa fa?
Da ita muka yi rufin kwano, da ita muka ga Makka.
Wani ya ce littafi, don a san muna karatu.
Wani ya ce hannu biyu suna musabaha,
alhali tun safe bai gaisa da na kusa da shi ba.

Kwana uku ina zane ina gogewa.
A tsakiya na ajiye kwale-kwale,
siriri, baƙi, hancinsa a ɗage
kamar mai shanshanar hadari.

Sakatare ya sa gilashi, ya duba, ya cire gilashi.
Ya ce, fitar da wannan.
Baƙo zai ce har yau a ruwa muke kwana.
Kuma kowace damina sai an ambace shi a rediyo,
ba da alheri ba.
Sa mana rana mai ɓullowa.

Ban gaya masa ba
cewa Bawa Na-Gungu shi ya haife ni,
shekara talatin yana fito da mutane
da buhunansu da awakinsu da rigimarsu,
har daminar da kogi ya karɓi jirgin da mai jirgin,
ya maido mana filafili kaɗai,
yana juyi a gindin ciyawa.

Mai jiran a sa masa hannu ba ya musu da mai biro.
Na goge jirgin.
Na fito da rana, jawur, mai haƙora goma sha biyu.
A ƙarƙashinta na ja ruwa, layi uku shuɗɗa.
Na farko igiyar ruwa ce.
Na biyu ma haka.
Na ukun, da hannuna ya kai ƙarshe,
sai na danna burushi kaɗan,
ya yi faɗi, ya yi baki.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, aka yaye ƙyalle.
Mai lasifika ya yi fassara:
kore noma ne,
shuɗi zaman lafiya,
rana kuwa ci gaban da ke tafe.
Aka tafa.
Ba wanda ya tambayi layi na uku.
Cikon kuɗina ma har yau yana tafe, shi da ci gaban.

Jiya a bakin ruwa
yaron haraji ya yaga wa wata tsohuwa rasiɗi.
Bandar kifi take sayarwa, ba ta san baƙi ba.
Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa,
ta kai ta daf da ido,
ta taɓa jikarta da gwiwar hannu:
ke, duba, filafili ne wannan.
Wa ya yar da shi a ruwa?

Sannan ta naɗe mini tarwaɗa biyu a ciki.
Kafin in kai gida mai ya cinye ranar,
ya cinye shinkafar da musabahar,
layin nan yana nan.