Sunaye Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata a Bradford, ana yayyafi tun asuba,
Iya Dudu ta cika a hawa na huɗu,
gado na tara, kusa da taga.
Ba a buga tambari ba.
Na'urar da ke bin bugun zuciyarta ce
ta ja guɗa ɗaya doguwa, aka kashe ta.

Ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini takarda:
suna, shekaru, sana'a.
Na rubuta tamanin da tara.
A gurbin sana'a hannuna ya tsaya.
Me zan ce? 'Yar sarki, jikar sarki,
wadda aka yanke wa cibiya bayan zaure bakwai,
ta ƙare tana jiran bas cikin rigar sanyina
da katin tsofaffi a lalita?

Ta zo aikin ido, ta ce wata biyu.
Shekara goma sha tara ke nan.

Kowane dare, tana murza man zafi a gwiwa,
sai ta ja su kamar carbi:
Dudu ta Barau, Barau na Jatau,
Jatau na Ranau mai raki,
Ranau na Gwabro da ya haƙa rijiyar kasuwa
ya hana a sa mata sunansa,
har goma sha ɗaya, ba tuntuɓe.
Ni kuwa ina latsa waya,
ina cewa to Iya, to.

Mu goma sha huɗu muka kai ta.
Direbobin tasi uku, maƙwabcinmu Bature da lema,
liman ɗan Pakistan da ya tambayi sunanta sau biyu.
Ƙasar baƙa ce, laka, tana kama takalmi.
Ba ta san wa aka ba ta ba.

Da dare 'yata Hajo ta ɗauki zoben azurfar
da rubutunsa ya suɗe,
ta tambaye ni da Turanci: su wa suka haife ta?
Na gyara zama, na fara.
Barau. Jatau. Ranau. Gwabro.
Na lalubo na biyar, na yi rantsuwa a kan na shida.
Daga nan sai duhu.

Na kira gida. Baffa Sambo ya kawo takwas,
biyu a ciki ya ce bai tabbata ba,
sai katinsa ya ƙare.

Ashe ba ita kaɗai muka rufe ba.
Kwalbar man zafin tana nan a kan taga,
saura rabi.